Sulhu da ɗan'uwa: hanyar da Yakubu ya bi kafin ya haɗu da Isuwa

Shekara 2 da 'yan watanni muka yi ni da yayana muna shiga majami'a ɗaya, shi yana zama gaba kusa da mawaƙa, ni can baya bakin ƙofa, don da an yi addu'ar rufewa in sulale kafin ya iso. Dalilin bai wuce buhu 3 na masara ba. Ya ba ni ajiya zai tafi cirani, makaranta ta koro 'yata kan kuɗi, na kai masarar kasuwa da niyyar in mayar kafin ya dawo. Ya dawo bai tarar ba. Bai ce mini uffan ba, ni ma ban ce ba. Gaisuwa ba ta yanke ba: "Ina kwana, Yaya." "Lafiya lau." Shi ke nan. Matanmu ne dai suka daina aiken yara gidajen juna. Kuma duk ranar Jibin Ubangiji, idan gurasa da ƙoƙo suka iso layinmu, hannu nake miƙawa in ɗauka kamar ba abin da ya faru.

Labarin Yakubu da wansa Isuwa, 'ya'yan Ishaku, ne ya fitar da ni daga wannan hali. Tun ina ajin yara ranar Lahadi na san shi, amma iya fatar akuya da faten wake na riƙe. Abin da na rubuta a nan shi ne yadda za a bi labarin daki-daki har ya kai mutum ƙofar wanda suka ɓata.

Mataki na farko: karanta labarin duka, ka nemi wurin da kake tsaye a ciki

Kada ka fara daga Farawa sura 33, inda suka rungumi juna suna kuka. Wanda ya fara daga can zai ɗauka sulhu abu ne da ke faɗowa daga sama. Ka koma 25:29-34 inda Isuwa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari, ka karanta sura 27 gaba ɗaya, inda Yakubu ya yaudari mahaifinsu ya karɓe albarkar Isuwa, ka leƙa 31:38-42, sannan ka zauna kan sura 32 da 33. Bai fi aikin rabin awa ba. Idan karatu yana maka wuya, sa wani ya karanta maka da murya.

Za ka ga Yakubu ya yi shekara 20 a gidan kawunsa Laban a Haran. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya tara dabbobi, amma da ya ji Isuwa na tafe da mutum 400, sai tsoro ya kama shi kamar jiya ya yi laifin. Wannan ya ishe mu amsa ga masu cewa a bar magana ta mutu da kanta. Ba ta mutuwa. Kwanciya take yi.

Sai tambayar da ta fi zafi: a cikin wannan rigimar taku, kai wane ne? Kowa da ke karanta Littafi Mai Tsarki yana son ya zama Yusufu da aka jefa a rijiya ko Dawuda da aka bi da mashi, ba mai son zama cikin 'yan'uwan da suka tsoma riga a jini. Ni kaina na daɗe ina ganin ni aka zalunta: ai don karatun 'yar da shi ma 'yarsa ce na sayar, ai shi ya fi ni hali, ai da ya tambaye ni da na yi masa bayani. Ranar da na yarda cewa ni ne Yakubu a labarin, ranar aiki ya fara.

Amma ko da ka bincika ka ga kai ne Isuwa, ba ka sami izinin naɗe hannu ba. A Matiyu 5:23-24 Yesu ya ce wa mai laifi ya bar baikonsa a gaban bagade, ya je su shirya da ɗan'uwansa tukuna. A Matiyu 18:15 kuma wanda aka yi wa laifin ya ce wa ya je. Ya rufe ƙofa biyun, ba wanda aka bar wa damar cewa "shi ya kamata ya fara zuwa". Kiristocin farko sun ɗauki abin da gaske: wani tsohon rubutun ikilisiya da ake kira Didake ya ce wanda ke da rigima da ɗan'uwansa kada ya shiga taron karya gurasa sai sun shirya.

Abu ɗaya a kula: ba duk abin da mutumin Allah ya yi a labari ba ne abin koyi. A 33:2 Yakubu ya jera iyalinsa bisa yadda yake ƙaunar su, kuyangi da 'ya'yansu a gaba inda haɗari yake, matarsa Lai'atu a tsakiya, matarsa Rahila da ɗanta Yusufu a can baya. Littafin ya faɗi abin da ya faru ne, bai ce a yi haka ba, kuma mun san abin da wannan fifikon ya haifar a gidan daga baya. Ma'aunin shi ne koyarwar Yesu da ta manzanni. Abin da ya dace da ita a labarin ka ɗauka, sauran ka ɗauke shi gargaɗi.

Mataki na biyu: kira laifin da sunansa

Ɗauki takarda ka rubuta layi biyu ko uku, abin da kai ka yi kawai. "Na sayar da ajiyarsa ban gaya masa ba. Da ya dawo na yi shiru. Na gaya wa ƙanwarmu cewa shi marowaci ne." Wannan na ukun sai da na zauna da biro na tuna da shi, kuma daga baya na gane shi ya fi ɓata masa rai, don maganar ta koma kunnensa. Idan ka ga kalmar "amma" ta shigo, goge ta. Laifinsa ba na wannan takardar ba ne.

Mataki na uku: share fage

Yakubu bai faɗa wa Isuwa kwatsam ba. Ya aika manzanni zuwa ƙasar Seyir inda Isuwa yake, kuma ka duba harshen saƙon a 32:4-5: yana kiran Isuwa shugabansa, yana kiran kansa bawa. Albarkar da ya karɓa da yaudara a 27:29 cewa ta yi ya zama shugaban 'yan'uwansa, su rusuna masa. Ga shi yanzu da bakinsa yana mayar wa wansa girman da ya ƙwace.

A wurinmu wannan ba baƙon abu ba ne. Akwai kawu, akwai gwaggo, akwai dattijon ikilisiya da kowa ke jin nauyinsa. Zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri, wanda ɗayan ɓangaren yake girmamawa, ba abokinka na kusa da za a ce ka saye shi ba. Aikinsa ƙarami ne: ya ce wane yana so ya zo ya gan ka, yaushe za ka ba shi lokaci? Kada ya ba da haƙuri a madadinka, kada ya fara shari'a. Idan kuma tsakaninku bai lalace har ya kai ga haka ba, ba ka bukatar kowa. Kira shi ka ce kana son zuwa. Yesu ya ce tsakaninku ku biyu kaɗai, kuma duk bakin da aka ƙara a magana, ƙara mata nauyi ake yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Waya ta neman lokaci ce kawai. Ba a neman gafarar babban laifi ta saƙon WhatsApp, balle a zauren dangi inda mutum 40 ke karantawa. Haka nan ba a tashi lokacin ba da shaida a sujada a ce "ina roƙon ɗan'uwana wane ya yafe mini" alhali ba a je gidansa ba. Wannan tilasta shi ne ya ce ya yafe don kunyar jama'a, ya koma gida da ɓacin rai biyu.

Mataki na huɗu: daren kafin tafiya

Addu'ar Yakubu a 32:9-12 gajeriya ce, kuma za ka iya bin sawunta. Ya tuna wa Allah cewa shi ya ce ya koma gida. Ya ce bai cancanci ko kaɗan daga alherin da aka yi masa ba, shi da ya haye Urdun da sanda kaɗai. Ya faɗi tsoronsa ƙarara, cewa yana tsoron Isuwa. Sannan ya riƙe alkawari. Kai ma faɗi naka: ina tsoron ya kore ni a gaban matarsa, ina tsoron a ce na faɗi. A wannan daren ne ya yi kokawa da wani mutum a mashigin kogin Yabbok har gari ya waye, ya tashi da sabon suna da ɗingishi. Mutumin da ya je gaban Isuwa washegari ba mai iya gudu ba ne kuma.

Mataki na biyar: mayar da abin da ka ci

A nan yawancinmu muke zamewa. Muna son sulhu na baki, a yi addu'a, a sha hannu, a ce komai ya wuce, wanda aka cuta kuwa ya koma da asararsa.

Lissafa abin da Yakubu ya tura gaba a 32:14-15: awaki 200 da bunsuru 20, tumaki 200 da raguna 20, raƙuma masu shayarwa 30 da 'ya'yansu, shanu 40 da bijimai 10, jakuna mata 20 da maza 10. Dabba 550 ke nan, ban da 'ya'yan raƙuma. Ya kasa su garke-garke da tazara a tsakani, yadda Isuwa zai yi ta cin karo da su. Akwai dabara da tsoro a ciki, ba na musu. Amma ka duba 33:11. Kalmar da Yakubu ya yi amfani da ita a Ibraniyanci lokacin da yake roƙon Isuwa ya karɓa ita ce "albarkata", kalmar nan dai ta abin da ya sace. Iyakar abin da hannunsa zai iya mayarwa ya mayar.

Littafin Firistoci 6:1-7 ya yi maganar irin laifina kai tsaye: wanda ya ci amanar ajiya, ko ya yi ƙwace, ko ya tsinci abu ya yi musu, zai biya cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya ba mai shi, sannan ga hadaya. Ba a raba biyan maƙwabci da zuwa gaban Allah ba. Mu ba mu ƙarƙashin dokar hadayu, amma Zakka na Yariko, da Yesu ya shiga gidansa, cewa ya yi duk wanda ya cuta zai mayar masa ninki huɗu (Luka 19:8), Yesu kuma bai ce masa ba komai, alheri ya rufe ba. Bulus ma da yake roƙon Filimon ya karɓi bawansa Unisimas, sai da ya rubuta cewa in akwai bashi a ɗora a kansa, shi zai biya.

A aikace ga yadda za a yi. Idan kaya ne, mayar da kaya, ba kuɗin da ka sayar ba. Nairar da na karɓa a kan buhu 3 a wancan lokacin ba za ta sayi 2 ba a ranar da na je, don haka kai masa kuɗin wata sabuwar cuta ce. Kashi ɗaya cikin biyar na buhu 3 ya ɗan fi rabin buhu, ni na cika shi na kai 4. Idan ba ka da halin biya gaba ɗaya, kada ka jira sai ka tara. Je da abin da ke hannunka, ka faɗi ranar da za ka kawo sauran, bayan girbi ko ƙarshen wata, kuma ka cika. Idan iyakar gona ce ka ci, je da gatari da shaidu a mayar da ita inda take. Idan suna ka ɓata, biyan shi ne ka koma wurin waɗanda ka gaya wa, ɗaya bayan ɗaya, ka ce abin da na faɗa kan wane ba gaskiya ba ne. Wannan ya fi buhu 4 ciwo, na gwada duka biyun.

Mataki na shida: ranar haɗuwa

Kai za ka je, a gidansa, a lokacin da ya zaɓa. Ba bakin majami'a bayan an tashi ba, ba wurin biki ko makoki ba. Yakubu, duk da jerin da ya yi, a ƙarshe shi ya wuce gaba, ya rusuna har ƙasa sau 7 kafin ya isa wurin wansa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wa.

Na isa bayan faɗuwar rana, mai amalanke ya sauke buhunan a zaure. Yaya yana zaune kan tabarma yana gyaran ƙotar fartanya. Ya nuna mini kujera, na zauna a ƙasa. Bayan gaisuwa na ce: "Yaya, na ci amanarka. Masarar da ka ba ni ajiya na sayar, ban gaya maka ba, kuma na ɓata sunanka wurin ƙanwarmu. Ban kyauta ba. Ka yafe mini." Na yi shiru. Ya ci gaba da fafe ƙotar nan har na fara jin zufa a bayana.

Wannan shirun kada ka cika shi. Kada ka ce "idan na ɓata maka rai", don ka san ka ɓata. Kada ka kawo dalili sai an tambaye ka. Kada ka ce "mu duka mun yi kuskure". Kada ka jawo masa aya, mai laifi ba shi ne mai wa'azin gafara a wannan zaman ba. Idan ya fara faɗa, bari ya juye duka, ko da ya haɗa da abin da ba ka yi ba. Karin Magana 15:1 ta ce amsa mai taushi takan kwantar da fushi, wani lokaci kuma mafi taushin amsa ita ce "haka ne". Gyaran lissafi ya jira wata rana.

Da Yaya ya buɗe baki, ba masarar ya fara ambata ba. Ya ce: "Da ka zo ka ce mini yarinya na gida, da ni zan ce ka sayar." Sai ya kira matarsa ya ce ta kawo mini ruwa.

Idan kai ne Isuwa

Yafewa ba cewa ba ne abin bai yi ciwo ba. A misalin da ke Matiyu 18:23-35, bawan da aka yafe wa bashi mai tarin yawa na talanti 10,000 yana bin ɗan'uwansa dinari 100. Dinari ɗaya ladan aikin yini ne, don haka 100 ɗin ya fi ladan wata uku. Bashi ne na gaske. Ƙanƙantarsa tana fitowa ne kawai idan an ajiye shi kusa da wanda aka yafe maka.

Idan ya kawo biya, karɓa. Isuwa ya fara cewa yana da abin da ya ishe shi, amma da Yakubu ya matsa, ya karɓa. Ƙin karɓa yakan yi kama da kirki, alhali wani lokaci hanya ce ta riƙe mutum cikin bashi har abada. In ba ka bukata, karɓa ka ba mabukaci. Kuma kada ka ce ka yafe sannan ka rufe fuska. Dawuda ya yarda ɗansa Absalom ya dawo Urushalima, amma shekara 2 cur bai bari ya ga fuskarsa ba (2 Sama'ila 14:28), sura ta gaba kuwa tawaye ne.

Idan ya ƙi

Yakan faru. Karin Magana 18:19 ta kwatanta ɗan'uwan da aka ɓata wa rai da birni mai garu. Ba shi lokaci, bar kayan a wurin wanda ya share maka fage, ci gaba da gaisuwa da zuwa dubiya, bayan 'yan makonni ka sake komawa. Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke wajenka, ka zauna lafiya da kowa. Nasa ɓangaren ba a hannunka yake ba.

Idan kuwa kai aka cuta, ka je shi kaɗai ya ƙi ji, tsarin Matiyu 18:16-17 ke nan: ka koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi su sai a kai ga ikilisiya. A bi shi a jere. Abin da na fi gani shi ne a tsallake biyun farko, magana ta isa majalisar dattawa ko zumuntar mata kafin mai laifin ya san ana fushi da shi. Wanda aka kira shaida kuma ya tuna da Karin Magana 18:17: mai fara kawo ƙara kullum shi ke da gaskiya, sai ɗayan ya zo an yi masa tambayoyi.

Akwai inda wannan jagorar ba ta shiga yadda take. Matar da ake duka, yaron da aka ci zarafinsa, wanda aka yi wa barazana da makami, ba a tura su su kaɗai wurin mai cutar da su da sunan Matiyu 18. A fitar da su daga haɗari, a sanar da manya da hukuma. Dawuda ya bar Sarki Saul, mai neman ransa, da rai sau biyu, Saul ya yi kuka, ya ce ya yi zunubi, ya ce dawo ɗana, amma Dawuda bai koma fada ba. Ya san tuban muzuru.

Mataki na ƙarshe: bayan an sha hannu

Isuwa ya ce su yi tafiya tare, Yakubu ya kawo uzurin yara da dabbobi masu shayarwa. Isuwa ya koma Seyir, Yakubu ya nufi Sukkot, duk da ya ce zai biyo shi. Wannan alkawarin da bai cika ba kada ka kwaikwaya: in ba za ka iya abu ba, faɗa tun a zaune. Amma rabuwar kanta ba laifi ba ce. Farawa 36:7 ta ce dukiyarsu ta yi yawa, ƙasar ba ta iya ɗaukar su tare. Sulhu bai tilasta muku komawa kasuwanci ɗaya ko tukunya ɗaya ba. Lokacin da Ishaku ya rasu yana da shekara 180, su biyun ne suka binne shi (35:29).

Abin da ya rage maka shi ne ƙafa, don zumunta a ƙafa take. Cikin makon nan ka sake leƙawa ba tare da wata magana ba. Gaya wa matarka da 'ya'yanka cewa an shirya, don su ma sun ɗauki gabar, kuma ba wanda ya nemi gafararsu. Duk wanda ka taɓa kai wa ƙorafi, koma ka ce masa magana ta ƙare.

Kakar da ta biyo baya Yaya bai kawo mini ajiya ba, gidan ƙanwarmu ya kai, ban kuwa ce komai ba. Har yau can yake kaiwa. Amma da damina ta faɗi bana, ɗansa ya yi mini sallama da asuba, ya ce Baba ya ce in shanun nomanka ba su da aiki ranar Alhamis, a ara masa.